Harajin Haɗeja da Lanhon Damagaram

Haɗeja,
Lahadi, bayan an tashi daga sujada.

'Yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya a Legas, ke da abokan tafiyarki. Mu nan lafiya ƙalau muke, da mamanki da ƙannenki duka. Allah da ya kai ki Legas lafiya, shi ya kai ki Ingila lafiya, ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tun da ba ki daɗe da barinsa ba. Mamanki ta riga ta gama da ke a kan sanyi da abinci da samari, kuma ta fi ni iya wannan. Ni magana guda ce ta rage mini. Na so in yi miki ita a tasha, sai na ga direba na ta danna hon, ita kuwa ba maganar tsaye ba ce.

Ranar da muka ci abincin sallama, ƙanenki Maina ya tsokane ki, ya ce Turawa za su cinye albashinki da haraji. Kika yi dariya kika ce, "Ni ina ruwana da harajinsu? Kwas zan je, baƙuwa ce ni a can. Nawa gwamnatina ke cirewa." Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Na taɓa faɗin kusan wannan magana da bakina, a wani ofis a Damagaram, kuma kin san kaɗan daga abin da ya biyo baya. Yau ina so ki ji shi duka, a jere.

Ke nas ce, kin riƙe ɗakin haihuwa, kin fi ni boko nesa ba kusa ba. Ni makanike ne. Ban san dokar Ingila ba, ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Amma na zauna a ƙasar da ba tawa ba, na ci abincinta, na yi aiki a cikinta, na ga yadda take ƙirga baƙo. Wannan kam na sani.

Bari in fara da kakanki.

Ina saurayi na bar ƙauyenmu a kudancin Zariya na zo Haɗeja, na sami aiki a garejin En'e, hukumar gargajiya ta lokacin. Alhaji Maina mai motocin lodi shi ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, daga baya ya yanka mini gona a fadama. Bulama, mai unguwarmu, ya sa sunana cikin masu biyan haraji, na riƙa biya duk shekara, ana ba ni takarda. Ni a ganina magana ta ƙare.

Wata shekara na je gida Kirsimeti, na lura garken awakin kakanki ya ragu ƙwarai. Na tambayi kakarki ko ciwo ne ya shiga cikinsu. Ta ce ba ciwo ba ne, in tambayi ubana. Ashe duk shekara in dagaci ya zauna gindin ɗorawa ana kiran sunayen masu haraji, sai a kira nawa, sai tsohon ya miƙe ya biya. Na same shi yana gyaran ƙota, na ce, "Baba, ai ina biya a Haɗeja."

Ya ce, "Ka faɗa wa wa?"

Na ce ban faɗa wa kowa ba.

Ya ce, "To. Su suna kira, ni kuma ba zan zauna a kira sunan ɗana a ji shiru ba."

Washegari na ɗauki takardar Haɗeja na kai wa dagaci. Ya duba, ya sa malaminsa ya soke sunana, muka gaisa, na dawo kafin kunu ya huce. Abin da ya ci awakin tsoho shekara da shekaru ke nan, ɗan tattakin da ban yi ba.

Saboda haka, Rifkatu, abu na farko: in kin bar wuri, ki gaya wa wurin kin bar shi. Ƙafarki ce ke tafiya, sunanki yana nan inda kika rubuta shi har sai kin je kin ɗauke shi. Tun kina Legas, ki shiga ofishin da ke shirya muku tafiya ki tambaya: lokacin da ba na ƙasar, a mazauniyar ina za a ɗauke ni? Alawus ɗin da gwamnati za ta riƙa aiko mini, a nan za a cire masa haraji ko a can? Ki rubuta wa ofishin da ke biyan ki albashi a Kano irin wannan tambaya. Kada ki yarda da amsar baki. Wanda ya ba ki amsa yau, baɗi an yi masa canjin wurin aiki. Ki ce a rubuta miki, a buga hatimi.

Yanzu ga babban labarin.

Bayan an sami mulkin kai na bar En'e. Lokacin gyaɗa na tashe, Alhaji Maina ya sami jigila a ƙasar Damagaram, can Nijar. Ya ce in je in riƙe masa motoci na kaka guda, kada su riƙa mutuwa a hanya. Na bar ku da mamanki a Haɗeja, na tafi da akwatin kayan aiki da tabarma.

Abin da ya yaudare ni shi ne ban ji na bar gida ba. Hausa ake yi, tuwon gero ake ci, kasuwa irin tamu ce. Kuɗi ne kawai suka sake kama, sai tutar da ke gaban ofis. Ranar farko wani ma'aikaci ya ce mini "Mushe Ayuba", na tsaya ina hararar sa, ina tsammanin zagi ne, sai direba ya raɗa mini cewa haka suke ce wa malam da Faransanci. Banda irin wannan, ba abin da ya tuna mini cewa ina ƙarƙashin wata doka dabam.

Kaka ta wuce, motocin Alhaji suka koma gida, ni ban koma ba. Masu motocin garin sun gane hannuna, aiki ya yi ta zuwa. Na nemi izinin Alhaji, ya ce in tsaya in nemi na kaina. Na kama ɗaki a gidan wani dattijo mai sayar da kanwa, Malam Lawali. Na kafa rumfa a bakin hanya, rumfa ta zama gareji. Nakan zo gida Kirsimeti da Ista in yi 'yan kwanaki in koma. Harajina na Haɗeja kuwa ban taɓa fashi ba. Nakan aiko wa mamanki, ta kai wa Bulama, ta ba direba takarda ya kawo mini. In ajiye ta a akwati, ina jin ba wanda ya kai ni bin doka.

Wata rana na dawo daga aiki, Malam Lawali yana auna kanwa a zaure, ya ce, "Mai gyaran mota, masu lanho sun zo ƙidayar gida. Na ce kana wajen aiki. Ka je biro ka rubuta sunanka." Lanho shi ne haraji a bakinsu, biro kuma ofis.

Na ce, "Malam Lawali, ni ɗan Najeriya ne. Na biya nawa a gida."

Ya ce, "Na ji. Amma a nan kake kwana."

Na ce, "Ai tafiya zan yi."

Ya ce, "Bara ma haka ka ce." Ya ci gaba da awonsa.

Ban je ba. Ba don ina so in ci haƙƙin kowa ba, sai don a zuciyata ni matafiyi ne. Kullum ina cewa wata mai zuwa zan tattara. Ki kula da wannan sosai, 'yata. Niyyar komawa gida a zuciya take, ba ma'aikacin da ke ganin ta. Abin da yake gani shi ne ɗakin da kike kwana, da aikin da ke ba ki abinci, da watannin da kika yi. Mutum yakan zama mazaunin wuri ba tare da ya yanke shawara ba. Haka ya faru da ni.

Damina ta biyu ta same ni a can. Mamanki na da cikin Maina. Wani direba ya zo daga Haɗeja ya tsaya a garejina, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ce Alhaji ya ce in taho. Ƙafafun mamanki sun kumbura, fuska ta kumbura, tana cewa tana ganin duhu-duhu. Ke yanzu kin san sunan wannan ciwo da abin da yake iya yi wa mai ciki. Ni a lokacin abin da na sani kawai shi ne matata na nemana.

Na kwashe kayan aikina kaf na loda a mota, don ban san ranar dawowa ba. A shingen fita gari jandarma, 'yan sandansu, suka tsayar da mu. Ɗaya ya hau ya ga akwatuna da jak da injin walda, ya ce na wane ne. Na ce nawa ne. Ya ce ina takardar lanho. Na zaro ta Haɗeja na miƙa masa da ƙarfin zuciya. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce in sauko da kayana. Mota ta wuce ta bar ni.

A biro aka kai ni gaban wani dogon mutum mai tsagen Barebari. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ba ni kujera, ya karanta takardata a hankali, ya ce, "Mushe, ina kake kwana?"

Na ce gidan Malam Lawali mai kanwa.

"Ina kake samun abin da kake ci?"

Na ce a garejina.

"Garejin a ina yake?"

Na ce a nan garin.

"Damina nawa ta same ka a garin nan?"

Na ce biyu, amma ni baƙo ne, ɗan Najeriya ne ni, harajina gwamnatina nake ba.

Ya ajiye takardar a kan tebur ya ce, "Wannan ta nuna kai mutumin kirki ne a Haɗeja. Ba ta ce komai a kan Damagaram ba. Baƙo shi ne wanda ya zo ya sauke kaya ya koma. Kai kana da ɗaki, kana da wurin sana'a, motocin da kake gyarawa a kan hanyarmu suke tafiya. A wurinmu kai mazauni ne."

Na ce wato sau biyu zan biya ke nan, a kan gumi guda.

Ya ce, "Wannan tambaya ce mai kyau. Da ka zo da ita lokacin da ka kama ɗaki, da mun zauna mun duba. Yanzu ba ranarta ba ce. Na ji matarka ba lafiya. Ka bar kayan aikinka a nan, ko ka kawo mai gida ya tsaya maka. Ka tafi ka duba ta, in ka dawo mu daidaita."

Rifkatu, mutumin nan sauƙi ya yi mini, ni kuwa ban gani ba. Kunnena "sau biyu" kawai ya ji, kaina ya ɗauki zafi. Na ce ba zan bar ko sukundireba ba, ba kuma zan ja dattijo ya tsaya mini kamar ɓarawo ba. Na ce sai na ga babbansu. Ya ce babban ya fita rangadi. Na ce zan jira.

Na kuwa jira. Kullum da safe in sa riga mai tsabta in je in zauna a kan benci da takardar Haɗeja a aljihu, ina shirya maganar da zan faɗa. Ina gaya wa kaina ai watan haihuwa bai kama ba, da sauran lokaci, gara in gama da wannan zalunci tukuna. Kwanaki suka tafi a haka. Da babban ya dawo, ya saurare ni a tsaye, ya faɗi abin da na farkon ya faɗa, sai dai shi a gajarce.

Da yamma na koma gidan Malam Lawali na zauna a zaure. Da gari ya waye na ga Malam Lawali ya fito da rigarsa ta Juma'a. Ya ce, "Tashi mu je." Muka je biro, ya tsaya mini, ya dangwala yatsa a takarda, aka ce in tafi. Har muka rabu a tasha bai tuna mini cewa ya taɓa yi mini gargaɗi ba.

Kafin nan ruwa ya sauka sosai. Mota ta kafe a laka bayan Gumel, muka tura, ta sake kafewa. Da muka matso kusa, kogi ya riga ya malalo fadama ya rufe hanya. Na bar kayana a wani ƙauye, na yi ta tafiya a ƙasa, inda ruwa ya fi ƙarfina na shiga kwalekwalen masunta. Na iso gida na tarar da ƙofarmu a rufe. Uwargidan Alhaji ce ta fito ta ce in wuce asibiti.

Sauran kin san shi, don a gidansu kike kwana a lokacin. Jijjiga ta kama mamanki tana tsakar gida. Alhaji Maina ne ya ɗauke ta a motarsa. Likita ya ce sai an yi aiki nan take, ina mijinta ya sa hannu. Babu miji. Alhaji ya ce a ba shi alƙalami. Aka ce ana bukatar jini, ya naɗe hannun riga. Duk wannan ya faru ina zaune a kan benci a Damagaram ina jiran in nuna ni ke da gaskiya.

Na shiga ɗakin na same ta kwance, fuskarta ba ta gama saɓewa ba, jariri na gefenta. Ta buɗe ido ta ce, "Baban Rifkatu, ka zo?"

Na ce na zo. Sai na kama ba ta labari, jandarma, biro, babban da ya tafi rangadi, yadda suke so in biya sau biyu. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "To, ka ci gardamar?"

Na ce a'a.

Ta juya ta ba jariri nono.

Ranar da aka kai shi majami'a, fasto ya tambayi sunan yaro, na ce Maina. Na ji ana ɗan gunaguni a baya, don ba a saba jin irin sunan a cikinmu ba. Na sake faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ko da kina ganin ke ke da gaskiya, kada ki yi gardama da ofis a ranar da kike gaggawa. In an buɗe miki ƙofa ki bi ta, ki je ki yi abin da ya fi muhimmanci. Ƙorafi yana da hanyarsa, ana rubuta shi a natse, kuma ba ya lalacewa don an jinkirta shi. Fushi a gaban ma'aikaci ba ya rage ko kobo, lokacinki kawai yake ci. Mafi kyau ma, kada ki bari tambayar ta jira har ranar gaggawa.

Da mamanki ta sami sauƙi na je na gai da Bulama, na ba shi labari, ina tsammanin zai taya ni jin haushi. Ya ce, "Malam Ayuba, da ka zo ka gaya mini ka tare a can, da na kai maganar gaba an duba maka. Ba kai ne na farko da ya tafi Nijar neman kuɗi ba. Matarka na kawowa, ni ina karɓa, na ɗauka haka kake so." Wato kuskuren da na yi wa kakanki shi na sake yi, wannan karon a tsakanin ƙasa biyu. Can ban ce na zo ba, nan ban ce na tafi ba.

Kada ki ɗauka daga nan na tsorata da ƙasar waje. Na koma Damagaram, don ba zan bar Malam Lawali da nauyina a wuya ba. Na shiga biro da ƙafata, na gai da dogon mutumin nan, na ce na zo mu daidaita. Ya yarda in riƙa biya kaɗan-kaɗan har na gama. Ya rubuta sunana, ya ba ni kati. Bulama kuma ya kai maganata gaba a nan gida, aka daidaita ta. Na ƙara kaka biyu a can ina aiki hankali kwance. In na ga jandarma a shinge, ni nake fara miƙa musu hannu. Gidan nan da kika girma a cikinsa, da aikin waɗannan shekaru na gina shi.

Mutumin ma ya zama abokin hira, yakan kawo mini babur ɗinsa gyara. Wata rana yana zaune a kan taya yana jira, na ce masa har yanzu ban gane yadda ɗan wata ƙasa zai zama nasu ba. Ya ce, "Ba ka zama namu ba, Mushe. Takardar shaidarka tana faɗin inda ka fito. Lanho inda kake zaune yake tambaya. Tambaya biyu ce dabam, kai ne ka haɗa su." Da zan bar garin gaba ɗaya na je na yi musu sallama, suka ba ni takarda cewa na tashi, ba sa bi na komai. Shi ya sa nake miki magana da ƙarfin gwiwa. Abin ba shi da wuya ko kaɗan in an yi shi da wuri.

To, ga Ingila. Makonki na farko, kafin ki san kasuwa, ki nemi ofishin albashi na asibitin da za ki yi kwas. Ki gaya musu ranar da kika shigo ƙasar da tsawon zaman da za ki yi, ki ce su gaya miki matsayinki. Na ji ƙasashe da yawa suna ɗaukar mutum mazauni in ya yi wajen rabin shekara a cikinsu, amma kowace da yadda take ƙirgawa, wasu ma shekararsu ta haraji ba da Janairu take farawa ba. Wasu kuma ba kwanaki kaɗai suke dubawa ba, suna duba ko kin kama gida, da inda aikinki yake, da inda iyalinki suke. Kada ki yi lissafi da kanki ki ce ai ban kai ba. Ki tambaya.

Kin ce mini ban da alawus na gwamnatinmu, asibitin can zai riƙa biyan ki don aikin da za ki yi a ɗakunan marasa lafiya. Kuɗi iri biyu ke nan, daga ƙasa biyu, kuma mai yiwuwa ba hukunci ɗaya gare su ba. Ki faɗi duka biyun, kada ki ɓoye ɗaya don kina ganin bai shafe su ba. Ki tambaya ko akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarmu da tasu don kada a cire wa mutum sau biyu, in akwai, wace takarda ake cikewa. Ofishin jakadancinmu ma don irin wannan aka buɗe shi. Ki je da safe, ki yi gaisuwa mai kyau, ki yi haƙuri da layi.

Za ki sami 'yan ƙasarmu da suka riga ki zuwa. Ki riƙe su, za su nuna miki inda ake sayar da barkono da inda ake sujada. Amma a maganar haraji kada ki bi bakinsu. Wani zai ce miki ɗalibi ba ya biya, wata ta ce ta shekara uku ba wanda ya tambaye ta. Ni ma na shekara fiye da ɗaya ba wanda ya tambaye ni. Za su nuna miki aikin hutu a wasu asibitoci, wanda ake biya a hannu. Na san ki da son aiki, na kuma san kina so ki turo wa ƙannenki. Ki fara tambaya ko bizarki ta yarda, in ta yarda ki yi, ki kuma bayyana shi. Ba na so kuɗin makarantar kowa a gidan nan ya fito daga abin da kike ɓoyewa.

In kwas ya ƙare suka ce ki ƙara shekara, ko kika bar ɗakin ɗalibai kika kama naki, ko wani ɗan kirki ya fito, wanda sai mun gan shi tukuna, to ki sani matsayinki ya canza. Duk lokacin da zamanki ya sake fasali, ki koma ki sake tambaya, can da nan. Takardun albashi da duk wasiƙar da ofis ya aiko miki, ki tara su wuri guda. Ranar da za ki taso kuma ki yi musu sallama a rubuce, kada ki sulale.

Kada ki ji kamar biyan haraji a can ya rage miki zama 'yar ƙasarki. Ni ban daina zama ɗan ƙauyenmu ba don ina biya a Haɗeja. Yana ma da ranarsa. Bayan rasuwar Alhaji Maina, wani daga danginsa na nesa ya taso ya ce baƙo ba ya riƙe gona a fadama. Aka zauna a kan maganar. Bulama ne ya ce, "Wane baƙo? Mutumin da nake karɓar harajinsa tun ba shi da gemu?" 'Ya'yan Alhaji suka ce haka ne, magana ta mutu. Wanda ya yarda aka ƙirga shi ranar biya, ana ƙirga shi ranar da yake neman mai tsaya masa. Za ki hau motocinsu, za ki sha ruwan famfonsu, in kin yi zazzaɓi a gadonsu za ki kwanta. Ki biya abin da doka ta ce, kada ki rage, kada kuma ki bari a ƙara miki don kin ji kunyar tambaya.

Ba na jin tsoro a kanki. Yarinyar da ke tsayawa a kan mai naƙuda har ta sauka lafiya ba za ta kasa shiga ofis ta yi tambaya ba. Na san za ki yi karatunki da kyau, ki fito da sakamakon da za mu yi alfahari da shi.

Na karanta wa mamanki abin da na rubuta har nan. Ta ce na yi ta zagaye ban faɗi ainihin maganar ba. Ta ce in rubuta miki haka, kuma ga shi na rubuta: mu biyun nan mun fara tsufa. Wata rana, kusa ko nesa, saƙo zai zo miki cewa ki taho. Tana so ranar nan ki iya ɗaukar jakarki ki nufi filin jirgi kai tsaye, ba wanda zai ce miki ki sauko da kayanki.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a sama da ƙasa, ya tsare ki daga ciwo da mugun aboki. Ya ba ki farin jini wurin malamanki da marasa lafiyar da za ki taɓa. Ya sa hannunki ya zama na warkarwa a can kamar yadda ya zama a nan. Ya maido mana da ke muna da rai da lafiya. Amin.

Mamanki na gaishe ki. Maina da sauran ƙannenki na gaishe ki. Uwargidan Alhaji ta ce a gaya miki tana sa ki a addu'a bayan kowace salla.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Ayuba.